Sunayen da Keshi Ya Ajiye

Gab da Gasar Kofin Afirka ta 2013, Stephen Keshi ya ajiye Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida waɗanda ba a san su ba. Musu ya kaure har a gidajen kallo na Batsari da Safana, kunnen doki biyu na farko kuma suka ƙara wa masu suka baki. A ganina suna da hujja a lokacin. Sai ga Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan, ya fitar da Kwaddebuwa, ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu. Kashegari Keshi ya ce ya ajiye aiki, sai da aka lallashe shi ya janye.