Raguwar Aiki Bayan Ƙara wa Kwamfutar Tebur Gudu: Laifin Zafi ne ko na Ma'adana (RAM)?

Tsakure

Maƙalar nan ta duba dalilin da kan sa kwamfuta ta yi nauyi bayan an ɗaga gudun furosesa da RAM sama da ƙa'idar kamfani. Ta nuna cewa a injinan Ryzen 3000 da 5000, rashin daidaito tsakanin gudun RAM da na Infinity Fabric ya cancanci a fara tuhumarsa kafin zafi.

Gabatarwa

Yawancin masu gyara da masu rubutu a wannan fage zafi suke ɗora wa laifi, kuma suna da hujja. Wutar da furosesa ke ci tana hawa ne da murabba'in bolt, don haka ɗagawa daga bolt 1.25 zuwa 1.35 kaɗai na ƙara kusan kashi 17 cikin ɗari. Idan zafi ya kai iyakarsa, furosesa da kansa yake rage gudu. Matsalar furosesocin Intel zubi na 13 da na 14, wadda ta sa kamfanin fitar da gyaran 0x129 a watan Agustan 2024, ta ƙara tsorata mutane da bolt. Inda muka saɓa da masu ɗora wa zafi laifi shi ne sun mayar da zafi amsar kowace tambaya, har mutum ya sayi sabuwar fanka alhali cutar ba a nan take ba.

Hanyar Bincike

An yi amfani da bayanan da kamfanoni suka wallafa, da lissafin jinkiri: lambar CL ta RAM sau 2000, a raba da gudun RAM.

Sakamako

DDR4-3600 mai CL16 tana da jinkirin nanosakan 8.9. DDR4-4000 mai CL18 tana da 9.0. Wato tun kafin a kunna inji, babbar lambar da ke jikin kwali ba ta rage jinkiri ba.

Babban abin kuwa yana cikin furosesa. Abubuwa uku ke tafiya tare: RAM, da mai sarrafa ta, da Infinity Fabric da ke haɗa sassan furosesa. A DDR4-3600 dukansu suna gudu a megahaz 1800, kafaɗa da kafaɗa. DDR4-4000 kuwa tana buƙatar 2000, kuma ba kowane furosesa ke ɗaukar wannan ba. Mai inji ya kunna XMP, tsarin da ke ɗaga gudun RAM, a BIOS, allo ya nuna masa 4000, ya yi murna, bai san mai sarrafa RAM ya koma rabin gudu ba, wato 1000. Jinkiri ya ƙaru, wasanni su riƙa sarƙewa, ma'aunin zafi kuma lafiya lau.

Wanda ya tilasta wa Fabric kai wa 2000 ma bai tsira ba. Injin na iya tashi, ya ma ƙetare gwajin Cinebench, amma a kundin rahoton kurakurai na Windows kurakuran WHEA masu lamba 19 na taruwa. Kowane kuskure ana gyara shi a ɓoye, gyaran kuma lokaci yake ci. Alamunsa a waje su ne ƙarar sauti mai tsattsage da kayan USB da ke katsewa haka kawai.

Iyakar Bincike

Dole a yarda cewa wannan bayani bai shafi DDR5 kai tsaye ba, kuma ɗaki marar na'urar sanyaya iska a Sakkwato cikin Afrilu, inda zafi kan wuce digiri 40, zai iya mayar da zafi babban mai laifi.

Shawara

Duk da haka, mai gyara ya buɗe manhajar HWiNFO ya kwatanta gudun RAM, da na mai sarrafa ta, da na Infinity Fabric kafin ya taɓa fanka. Idan ba su daidaita ba, ya mayar da RAM zuwa 3600, ya gwada ta da manhajar MemTest86.