Esie: Garin Mutanen Dutse da Ɓarnar Ɓarayi

Jama'a, da yawa daga cikinmu mazauna Offa da Ilorin mun sha ratsa hanyar Oro zuwa cin kasuwa, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa a Esie. To, wannan ɗan ƙaramin gari na Yarabawan Igbomina, a ƙaramar hukumar Irepodun ta Jihar Kwara, a nan aka buɗe gidan tarihi na farko a Nijeriya, a shekarar 1945. Ya riga na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya kuma riga na Legas na 1957.

Me ya jawo wa Esie wannan matsayi? Wasu mutum-mutumi ne fiye da 800, da aka sassaƙa da wani dutse mai laushi. Akwai maza, akwai mata, galibi a zaune bisa kujera, da duwatsun wuya da zanen fuska, wasu ma riƙe da adda. Akwai ƙanana da ba su kai kamu ɗaya ba, akwai masu tsawon mita guda. Mutanen garin suna kiransu Ere Esie.

Su kansu mutanen Esie ba su ce su suka sassaƙa ba. Labarin kakanninsu ya nuna cewa a kurmi aka tarar da su, wai wani maharbi mai suna Baragbon ne ya fara cin karo da su. Akwai kuma almarar da ke cewa wai mutane ne suka yi saɓo aka mai da su dutse. Masana dai sun fi kai shekarunsu tsakanin ƙarni na 12 da na 15, wato tun kafin a yi mafarkin zuwan Turawa.

Labarinsu ya bazu ne a farkon shekarun 1930, bayan wani Bature mai duba makarantu, H. G. Ramshaw, ya je ya gani. A 1978 Phillips Stevens ya fitar da littafi sukutum a kansu.

Amma fa suna ya zo da fitina. A shekarun 1990 ɓarayi suka fasa gidan tarihin suka kwashe da dama, don a kasuwannin Turai irin waɗannan kaya kuɗi ne tsababa. Ɓarnar ta kai har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa duwatsun Esie cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Alhali tun 1979 dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana ciniki da fitar da irin wannan kaya ba da izini ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Kowa ya san akwai 'yan'uwanmu cikin dillancin kayan sassaƙa, kuma sana'a ce ta halak muddin sabon aiki ne. Amma wanda ya karɓi tsohon kaya bai tambayi asalinsa ba, ya sani abokin ɓarawo ɓarawo ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari: mutum guda zai ci riba, zango duka ya sha zargi.

Ba bauta musu muke yi ba, amma tarihin masu masaukinmu ne, amana ce. Duk wanda aka kawo wa irin wannan kaya, ya gaggauta sanar da Sarkin Hausawa ko shugabannin ƙungiya. Allah Ya tsare mana mutuncinmu, amin.