Ƙira a Arlit: Nazari kan Ƙarfen da ke Hawa Uwar Maƙera

Abin da muke nufi da ƙira shi ne sarrafa ƙarfe da wuta da duka har ya zama abin amfani. Maƙera ita ce wurin aikin. Uwar maƙera kuwa dunƙulen ƙarfe ce da ake kafewa a ƙasa, a ɗora jan ƙarfe a kanta a doka da masaba, awartaki na riƙe da shi, zugazugi na hura gawayi. Hausawa sun kasa maƙera gida biyu: maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya, gatari, lauje da wuƙa, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. A ƙasar Abzin akwai kuma inadan, wato maƙeran Abzinawa, waɗanda ke gadon sana'ar iyaye da kakanni, su ne masu ƙera takobi da kayan ado na azurfa da aka san Agadas da su.

Ƙarfen da ke zuwa hannun maƙerin baƙi iri uku ne. Na farko shi ne na tama, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, aikin da ya kusa ɓacewa tun da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa. Na biyu tsohon ƙarfe ne, musamman sifirin manyan motoci, wanda maƙera ke so saboda yana riƙe kaifi. Na uku, wanda ya keɓanta ga garuruwan Arlit da Akokan, shi ne ragowar ƙarafan ma'adinai: bututu, ganguna da ɓaraguzan injuna.

Wannan kaso na uku yana buƙatar a tsaya a kansa. An kafa Arlit a 1969 domin haƙar yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978, har zuwa rufe shi a watan Maris na 2021. A gari irin wannan, tsakiyar hamada, nesa da kowace masana'antar ƙarfe, ba abin mamaki ba ne jama'a su rungumi duk ƙarfen da ya fito daga ma'adinai, su yi ƙofa, murhu, tukunya da kayan aiki da shi. Sai dai a watan Disamba na 2003 masu bincike na CRIIRAD, wani ɗakin awo mai zaman kansa a Faransa, sun tarar da gurɓataccen ƙarfe ana sayarwa a Arlit. Ƙungiyar Greenpeace ta sake ganin irinsa a Nuwamba 2009. Ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen garin ta daɗe tana jan hankali a kan haka.

Gurɓatar da ake magana a kai ita ce radiyeshon, wato wani ƙarfi marar ganuwa da ke fita daga yuraniyom da sinadaran da yake rikiɗewa zuwa gare su, kamar radiyom. Waɗannan sinadarai kan daskare a jikin bututu tamkar ƙanzo a gindin tukunya. Ilimin maƙeri kuwa, mu lura, gaba ɗayansa a gaɓoɓi yake: da ido yake karanta launin ƙarfe daga ja zuwa ruwan ɗorawa, da kunne yake jin amonsa, da hannu yake gane taurinsa. Ilimi ne mai zurfi da muke girmamawa, amma radiyeshon ba shi da launi, ba shi da amo, ba shi da wari. Wutar gawayi ba ta kashe shi. Dukan masaba ma ɓamɓare daskararren yake yi ya zama ƙura, maƙeri da yaron da ke zuga su shaƙa.

Saboda haka muke ganin awon ƙarfe da na'urar Geiger, mai gano radiyeshon, wajibi ne a ƙofar ma'adinai, kafin ƙarfen ya isa hannun dillali, kuma ƙarafan da suka riga suka shiga gidaje da maƙeru a bi su a auna, a musanya wa masu su da tsaftatattu.