Daga Ɗakin Wanke Hoto Zuwa Aji

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, an goge shi daga hoton da yake tafe kusa da Stalin, aka cike gurbinsa da ruwa. Aiki ne na fenti da almakashi, wanda ƙwararru ƙalilan suka iya.

Manhajar Photoshop, wadda Thomas Knoll ya fara rubutawa a 1987 yana ɗalibi a Jami'ar Michigan, ta shiga kasuwa a 1990. Sannu a hankali sana'ar ta bar ɗakin wanke hoto ta koma ajin kwamfuta, inda ɗalibi ke koyon daidaita haske, yanke sura da haɗa hotuna cikin 'yan makonni.

Sauƙin ya zo da haɗari. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta sallami mai ɗaukar hotonta saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. Shi ya sa makarantun aikin jarida ke koyar da iyaka tare da gwaninta: a gyara haske, kada a taɓa abin da ya faru.