Kofi ko Wa'adi: Da Me Za a Auna Kocin Super Eagles?

A gidajen kallon ƙwallo na Ikara da Makarfi da Kudan, idan musu ya kaure kan tsofaffin masu horar da Super Eagles, tambaya ɗaya ke kashe bakin kowa: wa ya ci kofi? A ganina wannan ma'auni ya gaza, domin ƙirga buhunan hatsi yake yi ba tare da an tambayi damina nawa aka bar manomi a gonar ba.

Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, ya riƙe tawagar daga 1989 zuwa 1994. Ya zo na biyu a gasar Afirka ta 1990, na uku a 1992, kafin ya ɗauki kofin a Tunisiya a 1994. Sau biyu ke nan ya dawo hannu rabbana aka bar shi ya ci gaba, kuma sanannen abu ne cewa yana da fada wurin Augustus Aikhomu, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin. Salonsa na haƙuri ne da reno. Shi ya hango Daniel Amokachi yana matashi a Ranchers Bees ta Kaduna.

Stephen Keshi, kyaftin ɗinsa a 1994, bai samu wannan sarari ba da ya zama koci, sai ya yi kasada. Ya tafi gasar Afirka ta 2013 da wasu 'yan wasan gida, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya zura ƙwallon da ta kayar da Burkina Faso a wasan ƙarshe.

Wanda aka fi zalunta a wannan lissafi shi ne Shuaibu Amodu, kuma abin yana damuna. Ya ci kofin nahiya da BCC Lions ta Gboko a 1990. Ya samar wa Najeriya gurbin gasar duniya ta 2002 da ta 2010, ya zo na uku a gasar Afirka a Mali da Angola, amma duka biyun aka sauke shi ana saura 'yan watanni a fara gasar duniyar, aka miƙa wa Adegboye Onigbinde da Lars Lagerbäck. Masu sukarsa sukan ce wasansa ba ya ƙayatarwa, ya fi karkata ga tsare gida. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Sai dai matsayi na ukun da ya jawo masa sallama shi ne wanda Westerhof ya samu a 1992 aka ƙara masa shekara biyu, su kuwa waɗanda suka gaji Amodu, daga zagayen farko suka dawo gida ba su ci wasa ko ɗaya ba.