2,147,483,647

2,147,483,647 (biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai) lambar firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta. Ana rubuta ta 2³¹ − 1: a jera 2 guda 31, a ninka su da juna, sannan a cire 1.

Rukuninta

Ita ce ta takwas a jerin lambobin firam na Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. An sa wa jerin sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa, wanda ya ambaci wannan lamba a 1644. Da yake 31 ita ma lambar Mersenne ce (2⁵ − 1), ana sa 2,147,483,647 cikin rukunin Mersenne mai ninki biyu. Lambobin firam huɗu kaɗai aka sani a wannan rukuni: 7, 127, ita, da 2¹²⁷ − 1.

Idan aka ninka ta da 2³⁰ ana samun 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas. Cikakkiyar lamba ita ce wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ke daidai da ita, kamar 6 = 1 + 2 + 3.

Tarihi

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, shi ne ya tabbatar da cewa firam ce, a wasiƙar da ya aika wa Bernoulli a 1772. Ya nuna cewa duk firam ɗin da zai raba ta dole ya bar ragowar 1 ko 63 idan aka raba shi da 248. Wannan ya rage masa yawan lambobin da zai gwada a ƙasa da 46,341. Ita ce firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

A kwamfuta

A tsarin 0 da 1 da kwamfuta ke aiki da shi, lambar 1 ce guda 31 a jere. Don haka ita ce mafi girma da ma'aji mai bit 32 ke iya ɗauka idan an ware bit ɗaya don nuna lamba mai kyau ce ko mai ragi. Da zarar an ƙara mata 1, sai lissafin ya juya zuwa −2,147,483,648.

Daga nan ne matsalar shekarar 2038 ta samo asali. Tsarin Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970. Ƙirgar za ta kai wannan lamba ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14:07 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Na'urorin da ba a sabunta su ba za su koma 13 ga Disamba, 1901, abin da ka iya rikita agogon manhajoji da bayanan da ke ɗauke da kwanan wata. Maganin shi ne komawa bit 64.