Nazari a Kan Illolin Dogon Baka na Ingila a Hannun Sabon Masassaƙi

Gabatarwa

Dogon baka na Ingila, wanda ya yi suna a yaƙin Agincourt na 1415, daga sanda guda ake sassaƙa shi, tsawonsa ya kai na mutum ko ya ɗara. A cikin jirgin yaƙin nan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, an sami irinsa 137 ba su karye ba, na itacen da Turawa ke kira yew. Har yau masu koyo suna gwada sassaƙa shi, bakan farko kuwa ba kasafai yake fita lafiya ba. Wannan nazari zai nuna cewa yawancin illolinsa daga abu biyu suke tasowa: damshin itace da rashin daidaiton lanƙwasa.

Yadda itacen ke aiki

Idan aka ja tsirkiya, bayan baka miƙewa yake yi, cikinsa da ke fuskantar maharbi kuma yana matsewa. Shi ya sa aka fifita yew: farin namansa na ƙarƙashin ɓawo yana jure miƙewa, jan tsakiyarsa yana jure matsi. Duk wanda ya yanke zanen shekara, wato layin girman itace na kowace shekara, a bayan baka ya buɗe wa karaya ƙofa, domin daga nan sili ke ɗagowa. Saboda haka gyara daga ciki ake yin sa, ba a taɓa baya.

Damshi

Hausawa na cewa itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wajen baka wannan shi ne haɗarin, domin ɗanyen itace in ya tanƙwaru ba ya komawa. Bakan da aka kwance wa tsirkiya ya zauna a karkace ya rasa ƙarfin cilla kibiya. Damshin da ya dace yana wajen kashi 10 cikin 100. In ya haura, baka ya yi sanyi, in kuma ya bushe ƙayau, ya zama mai saurin fashewa.

Rashin daidaiton lanƙwasa

Illa mafi yawa ita ce wuri guda ya riƙa lanƙwasa fiye da sauran, ya yi gwiwa. A nan ake ganin ƙananan tsagu a gicciye a cikin baka, alamar cewa matsi ya murƙushe naman itacen. Dalilin yana cikin lissafi: ninka faɗin itace yana ninka taurinsa sau 2, amma ninka kauri yana ninka shi sau 8. Ke nan kankara kaɗan a kan kauri tana sauya baka sosai. Maganin gwiwa shi ne a yi mata alama a ƙyale ta, a kankare wurare masu tauri da ke gefenta, a ɗora bakan a kan sandar gwaji a duba bayan kowace kankara. Kada a ja shi fiye da nauyin jan da aka nufa masa, ko da sau ɗaya.

Abin da ba laifin itace ba

Tsirkiya mai dukan wuyan hannu galibi ta yi kusa da mariƙi ne. Tazarar da aka saba ita ce dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 15, kuma murɗa tsirkiya yana ƙara ta. Kibiyar da ta yi tauri kuwa tana bauɗewa hagu a hannun mai harbi da hannun dama, ko da bakan lafiya yake.

Kammalawa

Mai koyo ya fara da tsirkiya da kibiya, sannan ya auna damshi, wuƙa ta zo daga ƙarshe. Itacen da aka kankare ba ya dawowa, don haka duba ya fi sassaƙa yawa a aikin gwani.